Ƙasa Ta Allah Ce, Ko A Kurmi Ko A Arewa

Akwai wata magana da akan ji a bakin mutanenmu mazauna Kurmi, duk lokacin da aka yi wa mutum magana a kan sharar da ya tara a ƙofar rumfarsa. Sai ya ce, "To, nan garin ubana ne? Neman kuɗi ya kawo ni, da damina ta faɗi zan koma gida." Watau dai baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma da yawanmu raɓar nan ta shekara talatin ba ta bushe ba. Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, kuma akwai waɗanda a Agege aka haifi kakanninsu. Ko da ma kwana uku mutum zai yi a wuri, addini bai ɗauke masa haƙƙin wurin ba.

Mu fara da abin da ido ya gani. Ran 31 ga watan Agusta, 1980, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Badun, kogin Ogunpa ya cika ya batse, ya ci gidaje da rayuka masu yawa. Har yau Yarabawa ba su manta da wannan rana ba. Cikin dalilan da aka bayar har da sharar da mutanen gari suka daɗe suna zubawa cikin kogin, da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. Ran 26 ga watan Agusta, 2011, aka sake yin wata ambaliyar a garin, mutum fiye da ɗari suka rasu. Ruwa kuwa in ya zo ba ya tambayar wane ne ɗan gari, wane ne baƙo.

A Ikko ma haka. A watan Oktoba na 2023 hukuma ta rufe kasuwar Mile 12 saboda ƙazanta. Kwanaki kaɗan aka yi aka buɗe, amma kowa ya san tumatur da tattasai ba sa jira. Ɗan gwarin da ya loda mota tun daga Kano ko Zariya, shi ya san abin da kwana guda a bakin ƙofa yake ci. A daminar 2024 kuma cutar amai da gudawa ta ɓarke a jihar, wadda kowa ya sani gurɓataccen ruwa ne ke yaɗa ta.

To, me addininmu ya ce? A cikin Suratur Rum, aya ta 41, Allah Maɗaukakin Sarki ya nuna mana cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa daga aikin hannun mutane take, kuma akan ɗanɗana musu wani abu daga sakamakonta ko sa dawo kan hanya. Lambatun da ya toshe ya mayar da ruwa cikin ɗakuna, ai ba sai an je nesa neman misali ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. In kawarwa imani ce, to mai zubawa fa? Ya kuma yi kashedi a kan yin bayan gida a kan hanya, ko a inuwar da mutane ke hutawa, ko a mashayar ruwa, domin yana jawo wa mutum tsinuwa. Ya hana fitsari cikin ruwan da ba ya gudu. Babu inda aka ce hanyar Musulmi kaɗai ko ruwan garinku kaɗai. Maƙwabcinka Bayarabe ko Ibo, ko da ba Musulmi ba ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka, ruwan wankin tukunyarka kuwa in ya kwanta a ƙofarsa ka cuce shi.

Sai batun ruwa. An ruwaito cewa Manzon Allah ya iske Sa'adu yana alwala yana kwarara ruwa, ya nuna masa wannan almubazzaranci ne, ko da mutum a bakin kogi mai gudu yake. Shi kansa da mudu guda yake alwala, watau mudun Nabiyyi da muke awon zakkar fid-da-kai da shi, cikin tafin hannu biyu. Mu da muke sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa, mu ne ya kamata mu fi kowa riƙe wannan sunna. Amma je ka bakin wasu masallatanmu bayan Azahar, ka ga yadda ruwan alwala ya kwanta ya yi baƙi, ledojin ruwa na yawo a kai, sauro na ƙyanƙyasa.

Kada kuma wani ya ɗauka shara aikin wulakanci ce. Akwai wata mata da take share masallacin Annabi a Madina. Da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba. Da ya tambaya aka gaya masa, sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. 'Yan'uwanmu masu tura kura suna tsintar gwangwani da ƙarfe da roba, in sun tsare gaskiya, sana'arsu tana rage wa gari ƙazanta.

Dattawa za su tuna 1984, zamanin Buhari da Idiagbon, sa'ad da aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, har aka kai ga tilasta wa kowa fitowa shara ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Gari ya yi fes, amma da bulala ta sauka sai aka koma gidan jiya. Abin da tsoron soja ya sa muka yi, tsoron Allah ya fi cancanta ya sa mu yi.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da na mahauta da limamai. A sa maganar nan cikin huɗuba da karatun bayan Magariba. Kowane mai shayi da mai tsire ya ajiye kwandon shara. A gyara magudanar wurin alwala. Mahauta su daina tura jini da kashin shanu cikin rafin da wasu ke ɗiba a ƙasa. A yashe lambatu tun kafin ruwan fari, kada a jira duba-gari. Wanda ya sami fili ko da taku biyu ne a ƙofar masallaci, ya dasa itace, domin hadisi ya tabbatar duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi, ko da ya koma gida ya bar ta.

Wake ɗaya ke ɓata gari, rumfa ɗaya mai ƙazanta kuwa ta isa a yi wa dukanmu kuɗin goro. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya tsare mu da ambaliya da annoba, amin.