Gonar gado da ƙudujinta

Manomin dawa a Kankia ko Kusada ba sai an yi masa bayanin ƙuduji ba. Kafin ya leƙo waje da furensa ya riga ya kama saiwar dawa yana tsotsa, irinsa kuma kan kwanta a ƙasa sama da shekara 10 yana jiran shuka. Wanda ya gaji gona mai ƙuduji, ko ya haƙura da ɓangaren da ya fi lalacewa, ba ya daina zagaya sauran.

Haka wata cuta ta gado take, wadda likitoci ke kira FAP. Tangarɗa ce a ƙwayar halitta mai suna APC, da aka gano a 1991. In uba ko uwa na da ita, kowane ɗa yana tsakanin ɗauka da tsira, rabi da rabi. Tun daga shekarun balaga ƙananan tsiro ke fitowa a babban hanji, ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kuma in an bar su kusan babu makawa sai ɗaya ya rikiɗe ya zama ciwon daji wajen shekara 40. Shi ya sa ake cire babban hanjin.

To, a nan ake yin sakaci. An yi aiki, an sallamo mutum, dangi sun zo barka da arziki, sai a ɗauka magana ta ƙare. Alhali wuƙar likita hanji ta cire, tangarɗar tana nan a ko'ina cikin jiki. Tsiron da ke fitowa a saman tumbi yawanci ba ya ɓarna. Wurin tsoro shi ne farkon ƙaramin hanji, musamman bakin da ruwan matsarmama ke zubowa. Kusan 9 cikin 10 na masu cutar sukan sami tsiro a nan, ko da yake kaɗan ne nasu ke zama daji. Shiru yake girma, ba ciwo, ba zazzaɓi. Ranar da ido ya yi ɗorawa aka ce shawara ce, ko jini ya yi ƙasa, mai yiwuwa an makara.

A asibitin St Mark's da ke Landan, inda ake rubuta iyalan masu cutar tun 1924, wani likita mai suna Spigelman ya fitar da ma'auni a 1989: a duba yawan tsiron, girmansa da kamanninsa, a ba shi mataki daga 0 zuwa 4. Mai ƙaramin mataki kan yi shekaru kafin a sake dubawa. Mai mataki na 4 sai a yi maganar wata tiyatar. Da siririn bututu mai kyamara ake yin dubawar ta baki, ana farawa wajen shekara 25, kuma sau da yawa a nan take ake tsinke tsiron, kamar yadda ake tuge ƙuduji kafin ya zubar da iri.

Na san kuɗin mota da na gwaji ba wasa ba ne ga mai jiran kaka. Amma Kankia a kan titin Kano take, kuma ana wannan gwaji a Asibitin Malam Aminu Kano. Wanda aka cire wa hanji saboda tsiro masu yawa ya adana takardunsa, ya tambayi likita ranar da za a leƙa cikinsa ta sama. Gidan da aka rasa mutum biyu ko uku da ciwon hanji suna da ƙuruciya, a daina cewa basir ne, a kai 'ya'ya da ƙanne a duba su.