Agwagin Dareta Ne Suka Fara Mutuwa

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ƙaranci a Dareta da ƙauyukan da ke kewaye da ita a yammacin Zamfara. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗaga kai. Agwagwa ce fa. In ta mutu a jefar da ita juji, a ce annobar kaji ce ta zagayo.

Ba a daɗe ba sai yara suka fara: amai, ciwon ciki, jijjiga, sai rasuwa. An zargi zazzaɓin cizon sauro, an zargi sanƙarau, magani kuwa ya ƙi ci. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka ga abin ya wuce misali, a watan Mayu kuma masana daga hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna ɗauke da dalmar da ta kai a fara magani ba tare da jinkiri ba.

Daga dutsen zinare gubar ta fito. Farashi ya tashi a duniya, maza suka dinga kwaso dutse zuwa cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida. Dutsen yankin cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi ƙasa da ruwa da abinci.

To me ya sa agwagwa ta riga kowa faɗuwa? Yadda take cin abinci ne. Wuni take tana cusa baki cikin laka, tana haɗiyar tsakuwa don ƙundunta ya niƙa hatsi. Idan akwai dalma a lakar, ƙundun ya murje ta, ta shiga jini. Sai fukafukai su saki, kashi ya koma kore, tsuntsuwa ta rame ta kasa tafiya. Masana sun daɗe da sanin wannan. Shi ya sa a 1991 Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma. Yaro mai rarrafe, wanda hannunsa ke ƙasa yana komawa baki, hanyarsa ɗaya da ta agwagwar. Gubar tana ma ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi.

Masu kiwon ƙananan mesa a Turai da Amurka, irin da ake kai musu daga Gana da Togo da Benin, suna da wata ɗabi'a da ta cancanci koyi. Ƙwan mesar na kwana kusan 60 a zafin digiri 31 zuwa 32, kuma da zarar ɗa ya fito da karkataccen baya ko ya mutu cikin ɓawo, ba sa cewa tsautsayi ne su wuce. Sai sun binciko ko zafi ne ya yi yawa, ko dangantakar iyayen ce ta yi kusa. Da agwagin Dareta sun sami mai yi musu irin wannan tambayar, da wataƙila an gano gubar da wuri.

Fiye da yara 400 ne suka rasu a jihar. An kankare ƙasar gidajen Dareta an zuba sabuwa tun 2010, Bagega kuwa sai 2013. A 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara aƙalla 28 a yankin Shikira ta jihar Neja.

Har yanzu ana haƙar zinare a Zamfara. Duk wanda ya ga agwagi ko kaji na mutuwa babu dalili a inda ake sarrafa dutse, ya sanar da malamin dabbobi da mai gari a ranar, ya kuma kai yaran gidansa a auna musu jini.