Wa Ke Zaune Kusa da Ɗanki Lokacin Kallo?

Duk wadda ta tashi a Fagge ta san sunan Plaza, ko da ƙafarta ba ta taɓa taka ƙofar gidan ba. Haka ma Eldorado da Rex a ɓangaren Sabon Gari. Rex ita ce sinima ta farko a Kano, an buɗe ta a 1937. A zamanin iyayenmu sinima wurin maza ne, 'yar mutunci ba ta zuwa. Fim ɗin Indiya sai dai ta ji labarinsa a bakin yayanta idan ya dawo da daddare.

Kaset ɗin bidiyo ne ya kawo wa mata kallo har ɗaki. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai kasuwar finafinan Hausa ta buɗe. Ana aika yaro shagon haya ko wajen Bata ya karɓo kaset, matan gida da na maƙwabta a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kallon nan ba a yin sa shiru. Wata ta tsine wa muguwar kishiya, wata ta ce ai mijin ne ba shi da adalci, kaka kuma ta ce a wuce wurin rawar nan. Yara suna zaune suna ji. Daga wannan surutu suke gane abin da gidansu ya yarda da shi da abin da ya ƙi.

Yau kaset ya tafi, faifan CD ma ya bi shi. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, daga baya masu shirya fim suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. Kallo ya ƙaru, amma taron ya watse. Uwa tana ɗaki da wayarta, budurwa tana ƙuryar gado da abin sauraro a kunne, ƙaramin kuma an miƙa masa tsohuwar waya don ya bar kuka. Wannan ne abin da ya fi damuna, fiye da kowane fim guda.

Tun da batun ra'ayi ake, bari in faɗi nawa a kan waɗanda aka fi kallo a gidajenmu.

Daɗin Kowa har gobe shi ne na fi natsuwa in kunna a gaban kowa. Garin ƙirƙirarre ne, amma mutanensa namu ne: mai shayi, malamin tsangaya, mai gadi, matar da ke rigima da miji kan kuɗin cefane. Rikicin Kamaye da Adama ya ba da dariya, ya kuma nuna yadda talauci ke cin zaman aure. Labarin Stephanie da Nazir kuwa, wanda ya zauna tsakanin Fagge da Sabon Gari ya san ba tatsuniya ba ce. Muna cin kasuwa ɗaya da Inyamurai da Yarabawa, yaranmu suna haɗuwa a makaranta da asibiti. Shirin da ya nuna maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba a matsayin mutum mai mutunci ya taimaki uwa wajen tarbiyya.

Kwana Casa'in na manya ne da matasan da suka fara hankali. Jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, sun buɗe wa mata da yawa ido a kan yadda ake sayen ƙuri'a da yadda asibitin gwamnati ke lalacewa. Idan kina da saurayi a gida da 'yan siyasa suka fara zawarcinsa da 'yan kuɗin kashewa, ku kalli wannan tare.

Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a 2020, ya fi saura kyan hoto da tsari, kuma Rabi'u Rikadawa ya yi abin a yaba a matsayin Baba Ɗan Audu. Inda nake da ja shi ne darasin da 'yanmata ke ɗauka. A labarin Mainasara, attajiri ne ya ɓoye dukiyarsa don ya gwada wadda za ta so shi saboda Allah. Niyyar mai labarin a fili take, amma yarinya 'yar shekara 15 tana iya fahimtar wani abu dabam: ki yi haƙuri da talaka, wataƙila mai kuɗi ne ya ɓad da kama. A rayuwa, mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi masu ƙaramin ƙarfin ne da gaske, kuma sun cancanci a so su a haka. Wannan magana fim ba zai faɗa mata ba, sai ke.

Izzar So na Lawan Ahmad ya samu karɓuwa saboda Umar Hashim, mai haƙuri da riƙon amana da yawan jawo aya da hadisi. Iyaye da yawa sun sakankance da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai wa'azin yakan yi tsawo har labarin ya tsaya cak, nagari ya cika nagarta, mugu ya cika mugunta. Gidan Badamasi kuwa dariya ce zalla, amma ki lura da yadda 'ya'yan ke magana da mahaifinsu saboda kwaɗayin dukiyarsa. Yaro ƙarami yana kwashe baƙar magana kafin ya gane cewa ana nuna ta ne don a ƙyamace ta.

Sai fassarar Indiya, irin ta Algaita da makamantansu, da ake turawa a waya a shagunan caji. Muryar Hausa ce, barkwancin ma na Kano ne, shi ya sa ake sakin jiki. Amma hoton ba a gidan Bahaushe aka ɗauke shi ba. Akwai sara da suka da zubar da jini, akwai shigar da ba za ki so ɗanki ya saba da ita ba.

Wata za ta ce ai akwai Hukumar Tace Finafinai. Gaskiya ne, tun 2001 aka kafa ta a Kano. A watan Mayun 2025 ma ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, bisa cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Amma hukuma ba ta san shekarun 'yarki ba, ba ta san abin da ke tsorata ɗanki da daddare ba, kuma ba ta da iko da abin da YouTube zai jero masa bayan shirin ya ƙare.

Abin da ya rage a hannunmu ba shi da wahala. Ki zaɓi shiri ɗaya ko biyu a mako da za a kalla tare a falo, a talabijin ko a waya ɗaya da aka jingina da filo. Sabon shiri, ki fara kallon kashi ɗaya ke kaɗai. Ki kashe tsarin da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa idan na farko ya ƙare. Game da ƙanana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Mafi muhimmanci, ki yi magana ana cikin kallon. Ki tambayi 'yarki me za ta yi da ita ce aka yi wa wannan tayin. Ki bar ɗanki ya kare wanda yake so a fim ɗin, ko da ba ki yarda ba, don a nan za ki ji abin da ke ransa wanda ba zai faɗa miki kai tsaye ba. Idan NEPA ta ɗauke wuta a tsakiya, kada kowa ya zaro wayarsa ya shige ɗaki. Ku ƙarasa muhawarar a tsakar gida, a ji wa ya fi gaskiya tsakanin Kamaye da Adama.