Kwarjinin Taro: Yadda Ɗan Wasa Zai Shawo Kan Faɗuwar Gaba Ranar Gwaji

Tun zamanin da 'yan kasuwar goro da shanu suka kafa zango a Agege, har jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, Hausawan wannan unguwa suke riƙe da al'adunsu na gargajiya. Yara suna tashe da azumi, makaɗa suna wasa a bukukuwa, 'yan makaranta kuma suna shirya wasannin kwaikwayo. Amma sau da yawa saurayin da ya saba ba unguwa dariya, in ya tsaya gaban alƙalai uku ko huɗu a ɗakin gwaji, sai murya ta sarƙe, gwiwa ta yi sanyi, abin da ya haddace ya ɓace masa. Ta haka matasa masu basira suke rasa aikin da suka cancanta.

Mene ne gwajin 'yan wasa?

Gwaji shi ne zaman da ƙungiyar wasa, ko gidan talabijin, ko masu shirya fim suke yi don su zaɓi waɗanda za su ɗauka. Akan ba mutum 'yan mintoci kaɗan ya karanta wani sashe na wasa, ko ya rera waƙa, ko ya taka rawa. Ikko kuwa babbar cibiyar wannan sana'a ce. A Iganmu aka gina Babban Gidan Wasanni na Ƙasa, wanda aka kammala a 1976 don bikin FESTAC na 1977, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. A 1986 Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa Hubert Ogunde aikin haɗa ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, ya tara masu basira daga sassa daban-daban, ya horar da su a garinsu Ososa. Doka ta 47 ta 1991 ita ce ta tabbatar da ƙungiyar.

Daga ina tsoron yake fitowa?

Wasu sukan ɗauka sammu aka yi musu, wasu kuma su ce ba su da baiwa. Duka biyu kuskure ne. Idan mutum ya ga idanu sun yi masa caa, ƙwaƙwalwarsa takan ɗauka yana cikin haɗari. Nan take wasu 'yan ƙulluttai da ke bisa ƙoda su saki wani sinadari da likitoci ke kira adirinalin. Shi ne ke sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi. Jiki ne ke shirin gudu ko faɗa, kamar yadda zai yi in an gamu da maciji a gona. Ba ciwo ba ne, kuma yakan lafa da zarar an kama aiki.

Ko gwanaye ba su tsira ba. Laurence Olivier, shahararren ɗan wasan Ingila, ya yi fama da wannan fargaba shekaru da dama tun daga tsakiyar shekarun 1960, bayan ya daɗe da yin suna, amma bai bar dandali ba.

Kafin ranar gwaji

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata mai neman shiga ya haddace sashensa har ya iya faɗinsa yana tafiya, ko yana wani aiki. Bayan haka ya gwada shi da babbar murya gaban mutum biyu, gobe biyar, jibi goma, don ido ya saba da ido. Ya nemi wani dattijo mai kwarjini ya zauna ya kalle shi ba tare da murmushi ba, domin haka alƙalai sukan yi.

Akwai kuma batun harshe. Matashin Agege yakan ji kunyar kada a yi wa Turancinsa dariya. Ya tuna cewa ya tashi da Hausa, yana jin Yarabanci da burokan, abin da 'yan takara da yawa ba su da shi. Marigayi Kasimu Yero ya yi fice a wasannin Hausa, ya kuma fito a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn a NTA cikin shekarun 1980. Idan an ba da zaɓi, mutum ya fara da harshen da ya fi ƙarfi a kai.

Ranar gwaji

A yi barci sosai, a ci abinci mara nauyi, a rage goro da kofi, domin suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu. A guji ƙwayoyi da kayan maye da sunan neman ƙarfin hali. Suna dakushe tunani, suna lalata murya. A yi sammako, gama cunkoson motocin Ikko ya isa ya rikita mutum tun bai isa ba. Tun 2024 akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo.

Kafin a kira suna, a ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya cika, a sake shi ta baki a hankali fiye da yadda aka ja, kamar sau biyar. Wannan yana rage gudun zuciya. A kurɓi ruwa, a saki kafaɗu. In an shiga, a yi gaisuwa, a faɗi suna sarai, a ɗan dakata, sa'an nan a fara. In kalma ta kuɓuce, kada a tsaya ba da haƙuri. A ci gaba daga inda aka tuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin lura ga iyaye da shugabanni

Rashin cin gwaji ba faɗuwa ba ce, domin sau da yawa tsawo ko murya ko shekarun da wasan ke bukata ne ba su dace ba. Ya kamata iyaye su daina yi wa yaro ba'a in ya daburce a gaban mutane. Malamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa su riƙa shirya muhawara da ƙananan wasanni, su ba yara maza da mata dama su yi magana a taro. A kuma yi hattara da masu neman kuɗi ko lalata kafin su ba da gurbi. Duk wanda ya gamu da haka ya kai ƙara ga hukuma. Yarinya kuwa ta tafi wurin gwaji tare da wani nata.