Kyarkecin Meksiko

A ƙasar Amurka ta Arewa akwai wani irin kyarkeci, ana ce da shi kyarkecin Meksiko. Ya yi kama da babban kare, jikinsa toka-toka da ja-ja. Cikin kyarketan nahiyar nan shi ne ƙarami. Abincinsa manyan bareyi na can. Amma in ya sami ɗan maraƙi ba mai tsaro, ba ya ƙyale shi.

Wannan shi ya jawo masa. Da masu shanu suka yi yawa, sai suka kai kuka ga gwamnati. Aka bi kyarketai da tarko, da bindiga, da guba, shekara da shekaru, har suka ƙare a Amurka. Sai 'yan kaɗan suka rage cikin duwatsun Meksiko.

A shekarar 1976 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin namun da doka ta hana kashewa. Daga 1977 zuwa 1980 aka kamo biyar da rai a Meksiko, maza huɗu da mace ɗaya mai ciki. Akwai kuma waɗansu da ke tsare tun dā. Aka kiwata su, suka hayayyafa. A 1998 aka saki goma sha ɗaya a dajin jihar Arizona. A ƙarshen 2024 aka ƙidaya 286 a Arizona da makwabciyarta.

To, amma da saura. Dukan waɗanda ke raye yau daga bakwai kaɗai suka fito. Makiyayi ya sani, garken da ba ya samun baƙon sa, 'ya'yansa sukan fito raunana. Haka yake ga kyarkeci.

Ga dabarar da ma'aikatan daji suka yi. In macen da ke tsare ta haihu, sai su ɗebi 'ya'yan tun ba su kai kwana goma sha huɗu ba. Su nemi ramin wata ta daji wadda ita ma ba ta daɗe da haihuwa ba. Su goga wa baƙin ƙasar ramin da fitsarin 'yan gida, don warinsu ya zama ɗaya. Sa'an nan su haɗa su, su yi maza su tafi. Uwa ta dawo, ta shayar da su duka kamar nata. Su girma a daji, su koyi farauta, su ji tsoron mutum. Wannan dabara ta fi sakin babban da ya saba ganin mutane.

Masu shanu fa? Har yanzu da yawa ba su so, kuma suna da hujja, gama asara asara ce. In an tabbatar kyarkeci ne ya kashe saniya, akan biya mai ita diyya. Akan kuma sa mahaya dawaki su riƙa zagaya garke. Duk da haka waɗansu mutane suna harbin kyarkecin a ɓoye.