Me ya sa ƙanƙara ke fashewa idan wutar tamayit ta taɓa ta?

Kowa ya taso da sanin cewa ruwa ne maganin wuta. Sai dai akwai wata wuta da ba ta jin ruwa, wadda idan aka ɗora ta a kan ƙanƙara, maimakon ta mutu, sai wurin ya tarwatse kamar an dasa nakiya.

Sinadarin da ke haifar da wannan wuta shi ake kira tamayit. Sama da shekara 100 ke nan injiniyoyi na aiki da shi, kuma karonsa da ƙanƙara ya koya musu darasin da ya shafi duk mai sana'ar narka ƙarfe.

Mene ne tamayit?

Tamayit haɗin gari biyu ne: garin alminiyum da garin tsatsar ƙarfe. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Hans Goldschmidt, shi ne ya yi rajistar fasahar a shekarar 1895. A 1899 aka fara amfani da ita wajen waldar titin taragon cikin gari a birnin Essen, kuma har gobe da ita ake haɗa bakin ƙarafan titin jirgin ƙasa a sassan duniya da dama.

Tsatsa ƙarfe ce da ta haɗu da iskar oksijin. Idan aka kunna haɗin, alminiyum ɗin sai ya fizge oksijin daga jikin tsatsar, ya bar zallar ƙarfe. Zafin da wannan fizga ke fitarwa yana kai wa kusan digiri 2,500 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙarfe na narkewa ne a digiri 1,538. Shi ya sa abin da ke gangarowa daga ƙasan tukunyar ruwan ƙarfe ne fari fat, mai kashe ido.

Wutar itace ko ta fetur da iskar waje take rayuwa, idan aka toshe mata iska ta mutu. Shi kuwa tamayit da guzurin oksijin ɗinsa yake tafe. Ko an lulluɓe shi zai ci gaba da ci, haka ma a ƙarƙashin ruwa, har sai ya cinye kansa.

Gwajin da ya ja hankalin duniya

A 2009, shirin talabijin na MythBusters da ke Amurka, wanda Adam Savage da Jamie Hyneman ke gabatarwa a lokacin, ya ɗauki wani bidiyo da ke yawo a intanet domin tantance gaskiyarsa. A bidiyon an kunna tamayit a kan tubalan ƙanƙara, sai ga fashewa mai ƙarfi.

Suka maimaita gwajin a fili, suna laɓe daga nesa, kuma abin ya tabbata. Da wutar ta ratsa ƙanƙarar sai ta yi bindiga, aka riƙa tsintar manyan ɓaraguzanta kusan mita 50 daga inda aka kunna.

Abin mamakin shi ne, a cikin biyun babu wanda yake abin fashewa ne a karan kansa. Tamayit ba ya fitar da iskar gas mai yawa, ƙonewa kawai yake yi. Ƙanƙara kuwa ruwa ne da ya daskare. To daga ina ƙarfin ya fito?

Abin da ke faruwa a cikin ƙiftawar ido

Babban bayanin da masana ke bayarwa shi ne tururi. Lita ɗaya ta ruwa idan ta koma tururi tana cike wurin da ya kai kusan lita 1,700, wato fiye da durom takwas masu cin lita 200. A kan murhu wannan canji na ɗaukar lokaci, tururin na samun hanyar fita a hankali. A ƙarƙashin narkakken ƙarfe kuwa, nan take yake faruwa.

Ruwan ƙarfen yana da nauyi, don haka yakan huda ƙanƙarar ya nutse ciki. Ruwan da ya narke sai ya maƙale tsakanin ƙarfe mai ƙuna da bangon ƙanƙara mai tauri, ba shi da wurin gudu. Tururin farko da ya tashi yakan fasa ruwan ƙarfen zuwa ƙananan ɗigo masu ɗimbin yawa, kowane ɗigo kuma ya tafasa ruwan da ke kewaye da shi. Haka abin ke ninkuwa har bangon ya kasa riƙewa.

Akwai kuma batun iskar haidirojin. Ƙarfe da alminiyum masu tsananin zafi suna iya ƙwace oksijin daga tururi, su saki haidirojin, wadda ke kamawa da wuta da zarar ta haɗu da iska. Tun a shekarun 1780 masanin nan na Faransa, Antoine Lavoisier, ya nuna haka, lokacin da ya bi da tururi ta cikin bututun bindiga da aka gasa ya yi ja.

Shi kuwa Hyneman ya fi karkata ga cewa tururin ne ke watsa garin da bai gama ci ba zuwa sama, inda yake ƙonewa gaba ɗaya a lokaci guda.

Farfesan da ya yaƙi ƙanƙara da wuta

Tun kafin zamanin bidiyo, wani farfesan kimiyyar lissafi da makamashi a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, Howard Barnes, ya mayar da wannan karo makami. A ƙasashen sanyi, idan hunturu ya zo ƙarshe, manyan faifan ƙanƙara kan cunkushe kogi su toshe shi, ruwa ya taru a baya ya malale garuruwa.

A 1925 Barnes ya yi amfani da tamayit a kan irin wannan toshewa a Kogin St. Lawrence, kusa da garin Waddington na jihar New York. A 1926 aka gayyace shi Kogin Allegheny a jihar Pennsylvania, inda ƙanƙara ke barazana ga garuruwan Oil City da Franklin. A shekarar kuma ya gwada dabarar a kan duwatsun ƙanƙara masu yawo a teku kusa da Newfoundland.

Waɗannan duwatsu su ne babban abin tsoron matuƙan jiragen ruwa, musamman bayan ɗaya daga cikinsu ya nutsar da jirgin Titanic a watan Afrilun 1912, mutum sama da 1,500 suka mutu. Rundunar sintirin ƙanƙara ta ƙasa da ƙasa da aka kafa bayan hatsarin, wadda dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka ke tafiyarwa, ta sake gwada tamayit a 1959 da 1960. An ga wuta da hayaƙi da ɓaraguzai, amma duwatsun suka ci gaba da tafiyarsu.

Lissafi ne ya kayar da wutar. Zafin da ake buƙata a narka kilo ɗaya na ƙanƙara zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwan sanyi daga digiri sifili zuwa 80. Ko da ba a yi asarar komai ba, kilo ɗaya na tamayit kusan kilo 12 na ƙanƙara kawai zai narkar. Dutsen ƙanƙara mai nauyin tan miliyan ɗaya zai ci sama da tan 80,000. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A yau aikin rundunar shi ne bin sawun duwatsun da gargaɗin jirage su kauce.

Inda hatsarin yake a zahiri

Ba sai da tamayit ko ƙanƙara irin wannan fashewa ke aukuwa ba. Duk inda narkakken ƙarfe ya rufe ruwa, sharaɗin ya cika.

A ranar 4 ga Nuwamban 1975, a wata masana'antar ƙarfe da ke Scunthorpe a Ingila, ruwan sanyaya tanderu ya ɓalle ya kwarara cikin wata katafariyar tukunyar jigilar narkakken ƙarfe. Fashewar da ta biyo baya ta yi ajalin ma'aikata 11.

Wannan ne ya sa masu waldar titin jirgi ke gasa bakin ƙarafan da mazubin da wuta kafin su kunna tamayit, har sai duk wata laima ta bushe. Idan kuma wutar ta kuɓuce, ba a watsa mata ruwa. Akan ja da baya, a kare abin da ke kewaye da busasshen yashi, a bar ta ta cinye.

Dokar ɗaya ce ga masu narka alminiyum suna zuba tukwane a kasuwanninmu, duk da cewa nasu zafin bai wuce digiri ɗari bakwai da wani abu ba. Gwangwanin da ruwan sama ya kwanta a cikinsa, ko ludayi mai danshi, ko mazubin da bai bushe ba, kowanne ya isa ya watsa wa mutum ruwan ƙarfe a fuska. A damina musamman, a shanya tarkacen, a ɗumama kayan aiki a bakin wuta, sannan a jefa a tukunya.