Kuɗin 'Yar Bamako

A makonta na uku a gidanmu na lura da takalmanta. Jar ƙasar Lokogoma ta rine su, bakin zanenta ya yi futu-futu da ƙura. Yarinyar da na saba gani tana tsayar da keke napep a bakin layi, yanzu tana idar da sallar asuba take ficewa, ko shayi ba ta tsayawa sha. A ƙasa take takawa har Galadimawa, cikin hazon Disamba.

Daga Bamako ta zo, a tsakiyar Nuwamba na 2018, don ta yi wata shida a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa a nan Abuja, wadda aka kafa a 2007, take kuma ɗaukar ɗalibai daga sassan nahiyar nan. Wani abokin maigidana ne ya roƙe mu mu sauke ta, ya ce zama cikin iyali zai fi buɗe mata baki. Yarana suka raɗa mata 'Yar Bamako, ita kuma tana ce mini Tanti.

Faransanci take ji da Bambara. Turancinta na takarda ne: takan karanta littafi mai kauri ta gane, amma in an yi mata magana sai murmushi. Hausarta kuwa ɗan guzuri ce da ta samo wurin wata ƙawarta 'yar Maraɗi da suka zauna ɗaki ɗaya a can. Ta iya gaisuwa, ta iya "na gode" da "ba komai", ta iya ƙirga tun daga ɗaya har dubu. Ƙirgar nan ta burge mu ƙwarai. Daren da ta sauka yara suka yi ta sa ta tana maimaitawa suna tafi, ni kuma na ce a raina, to, ko ba komai ba za a cuce ta a kasuwa ba.

Da na tare ta kan maganar tafiyar ƙasa, sai ta sunkuyar da kai, ta rubuta wani abu a wayarta, wayar ta juya shi zuwa Turanci, ta miƙo mini. Abin da na karanta shi ne kuɗinta suna ɓacewa.

Gabana ya faɗi. Baƙon mutum amanarsa ne, balle 'yar mutane da ta ƙetaro ƙasashe. Mutum ɗaya ne ke shiga ɗakinta in ba ta nan, wato yarinyar da ke taya ni aiki, budurwa 'yar ƙauyenmu, wadda ta shekara biyu a hannuna ban taɓa neman ko allura na rasa ba. Ban ce mata uffan ba. Na kira kafinta ya canja kwaɗon ɗakin, na ba baƙuwa mabuɗi, na ce wa yarinyar daga yau ta bar mini sharar can. A gidan Bahaushe ba sai an kira ka ɓarawo za ka san an kira ka ba. Ta ce "To, Anti," ta ɗauki tsintsiyarta ta yi tsakar gida. Tun daga ranar ta daina yi wa yara tatsuniya da dare.

Na zauna da baƙuwa muka ƙirga kuɗinta tare, na rubuta adadin a bayan kalanda. Bayan kwana bakwai muka sake ƙirgawa. Mabuɗi na rataye a wuyanta dare da rana, ba wanda ya taka ɗakin, amma kuɗi sun ragu fiye da abin da ɗaliba za ta ci a mako, ko da kullum kaza take saya. Ke nan ba a cikin gida suke tafiya ba. Wannan ya kamata ya faranta mini rai, sai dai na kwana ina juyi, ina tuna fuskar yarinyar nan da tsintsiya a hannu.

Washegari na nuna mata jakarta, na nuna ƙofa, na buɗe tafin hannuna alamar tambaya. Ta gane. Ta ɗauko wani ƙaramin littafi, ashe duk abin da ta kashe tun ranar da ta sauka yana ciki, kamar yadda ɗalibar lissafi za ta yi. Da farko rubutun ya rikita ni, don ɗayansu na masu karatun Faransa yana da doguwar ƙugiya, bakwai ɗinsu kuma da sanda a tsakiya. Da idona ya saba, sai na ga abin da ya fi rubutun rikitarwa. Burodi 1000. Ƙwai uku 750. Keke 500. Ƙosai 250. A lokacin burodin nan naira ɗari biyu muke sayensa, ƙwai hamsin-hamsin. Amma a shafi guda, abincin da ta ci a makaranta da sabulun da ta saya a babban kanti, farashinsu daidai yake da wanda kowa ya sani.

Maigida ya ce magana ta fito, an ga baƙuwa ana yankarta. Ni ma haka na ɗauka, har na fara haɗa kalaman da zan gaya wa mai shagon layinmu. Ɗana na aji biyu a ƙaramar sakandare ne ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Mama, duk sau biyar ne." Muka bi layi-layi. Ɗari biyu ta zama dubu, hamsin ta zama ɗari biyu da hamsin, ɗari ta zama ɗari biyar. Macuci yakan duba fuskar mutum ne ya yanka abin da ya ga zai samu, yau kaza gobe kaza. Yaya za a yi mai shago da mai ƙosai da direbobin keke barkatai, waɗanda ba su san juna ba, su haɗa baki a kan ninki biyar cif?

Bayan la'asar na kama hannunta muka tafi shagon. Mai shagon Bazazzagi ne, mun daɗe muna hulɗa. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Alhamdu lillahi! Hajiya, dama ina neman wanda zai yi mini tafinta da baƙuwar nan taku." Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da gwangwanin madara, ya buɗe. Kuɗi ne a nannaɗe da roba, da 'yar takarda mai kwanan wata. Ya ce kullum ta sayi abu sai ta ajiye masa kuɗi fiye da ƙima, in ya miƙa mata canji sai ta ɗaga hannu ta ce "ba komai, na gode," ta yi gaba da sauri. Shi ya zaci ajiya take yi, irin yadda leburori ke bar masa kuɗinsu. Ya ƙirga a gabanmu: naira dubu goma sha ɗaya da ɗari shida.

Kunya ta rufe ni karo na biyu a wata guda. An sami kuɗi, an wanke mai shago, amma har yanzu ba wanda ya san abin da ke sa yarinya mai hankali, mai karatun kimiyya, ta ji ɗari biyu ta miƙa dubu.

A kan bencin ƙofar shagon akwai maigadin gidan da ke kallon namu, wani dattijo Ba'adare daga wajen Tawa, yana jan carbi yana sauraronmu. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, wagga ɗiya da dala taka lissahi."

Na ce, "Wace dala, Baba?"

Ya ce in ba ta kuɗin hannuna in gani. Na zube mata 'yan canjin jakata a kan kanta. Ya dube ta ya ce, "Ashirin." Ba ta yi wata-wata ba ta zaro naira ɗari. Ya ce mai shago ya rubuta 20 a takarda ya nuna mata. Ta duba, ta ɗauko Murtala guda, wato naira ashirin. Ya ce, "Arba'in." Ta ɗauko ɗari biyu mai hoton Sardauna. Ya ce, "Jikka guda." Ta ɗauko dubu, tana kallonmu tana mamakin abin da ya sa muka yi tsit.

Dattijon ya warware mana. A ƙasashen da ke kashe sefa, kuɗin da Faransa ta ƙirƙiro wa yankunan mulkinta a 1945, lissafin kuɗi iri biyu ne. In da Faransanci ake magana, ko a rubuce, adadin da ke jikin kuɗin ake faɗi. In kuwa da harshen gida ne, da ƙwandalar sefa biyar ake ƙirga. Hausawan Nijar da Zabarmawa suna ce mata dala, Bambara suna ce mata dorome. Saboda haka a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, in mai tumatir ta ce ashirin, sefa ɗari take nufi, dala ɗari biyu kuma ita ce jikka, sefa dubu. Haka baƙuwarmu ta tashi tana yi da Bambara, haka ƙawarta 'yar Maraɗi ta tabbatar mata Hausa ma take yi, kuma gaskiya ta gaya mata. Ba wanda ya faɗa mata cewa da an wuce iyaka a Jibiya lissafin ya canja.

Ina tsaye sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai. Naira ta maye gurbin fam tun 1 ga Janairu 1973, a kan naira biyu fam guda, amma har mahaifiyata ta koma ga Allah, in ta ce fam biyar, naira goma take nufi. Jaka a bakinta fam ɗari ce, wato naira ɗari biyu. Da baƙo ya zo ya koyi ƙirga a bakinta, da shi ma sai ya yi ta ninka wa mutane kuɗi. Abin a cikin gidanmu yake, ban gane shi ba da ya zo da wata riga.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai har yau. A garin nan hedikwatar ECOWAS take. Tun zamanin Janar Abacha aka ce Faransanci ne harshen hukuma na biyu, yarana ma suna yin sa a makaranta, amma ba su wuce gaisuwa da ita ba. Duk layinmu, da masu digiri da masu waya mai fassara, wanda ya iya shiga tsakaninmu da maƙwabciyarmu shi ne dattijon da bai taɓa zama a ajin boko ba, wanda nake wucewa kullum da "sannu Baba" kawai.

Sauran bayanin a hankali ya fito, da waya da 'yan kalmomin Faransancin da Baba ya tsinta. Tun a Bamako kowa ke gaya mata Abuja tsada, don haka burodin dubu bai ba ta mamaki ba, tsoro ya ba ta. Canjin da mai shago ke miƙo mata kuwa ta ɗauka ragi yake yi mata don tausayin baƙunta, ita kuma ba a yi mata tarbiyyar karɓar sadaka ba. Kalmar da waya ta juya mini da "ɓacewa", ita "ƙarewa" take nufi. Ba ta taɓa zargin kowa ba. Canjin kwaɗo ma ta zaci al'adarmu ce ta karrama baƙo.

Kuɗin da suka tafi hannun direbobin keke sun tafi ke nan. Mai ƙosai, da labari ya kai mata, ta yi sati tana aiko mata da ƙosai ba ta karɓar ko sisi.

A daren na kira yarinyar gidana ɗakina, na rufe ƙofa, na faɗa mata abin da na zarge ta da shi da bakina, na roƙe ta gafara. Ta ce, "Ba komai, Anti, Allah ya yafe mana." Na miƙa mata mabuɗin ɗakin na biyu. Ta karɓa, da safe na same shi a kan firji. Har baƙuwar ta tafi yarinyar ba ta sake taka ɗakin ba.

Dab da azumin 2019 'Yar Bamako ta haɗa kayanta. A lokacin bakinta ya buɗe, tana ciniki da Hausa har tana neman ragi. Ta ba Baba goro da hula, ta ba yara alewa. Sai ta fito da shadda 'yar Mali, shuɗiya mai sheƙi, wadda uwarta ta aiko, ta ɗora wa yarinyar gidana a hannu ta ce, "Ke ce ƙanwata a gidan nan." Yarinyar ta rungume shaddar a ƙirji, ta ɗago ta dube ni, sannan ta ce mata Allah ya kiyaye hanya.